Ni Yake So Ko Motar Babana?

Ku da kuke ta tambayata a ƙasan rubutu wai me ya hana ni amsa wa Darakta, tunda mutumin kirki ne kuma Mama na sonsa, yau zan faɗa muku, amma don Allah kar wadda ta yi min dariya. Ina zargin ba ni yake so ba. Kuma ba wata mace nake zargi ba, da ma mace ce da na san yadda zan yi da ita. Mota ce. Motar babana.

Waɗanda suka shigo yanzu, bari in ɗan koma da ku baya. Babana, Allah ya jiƙansa, direban janwe ne, irin motar nan mai ƙugiya da sarƙa a baya da ke jan motocin da suka mutu a hanya. Da ya rasu ya bar mana ita a tsakar gida, ta cinye rabin filin, har igiyar shanya sai da muka sake mata wuri. Tsohuwa yake kiranta. Jan fentinta ya koɗe, ƙofar direba ba ta rufuwa sai an ɗaga ta an banka, kujerar kuma ta lotsa daidai zamansa. Kullum da safe Mama sai ta ɗauki tsumma ta goge ta tun daga fitila har ƙugiya, ta gyara zaman hularsa da ke kan dashbod, sannan ta ɗora ruwan shayi. Kawu, yayan Mama, ya yi maganar a sayar har ya gaji. 'Yan gwangwan sun zo tayawa, da tsintsiya ta raka su ƙofa.

Ana nan sai ga Darakta. Ƙugiyar ya hango ta saman katanga yana wucewa a babur, ya yi sallama.

Idan ba ku taɓa kallon finafinansa a waya ba, ba ku yi asarar komai ba, don duk labarin ɗaya ne. Duniya ta tashi, babu gwamnati, babu ruwa, fetur ya fi jini tsada. A farkon fim a kashe wa wani ɗan uwansa a kan titi, shi kuma ya kwashe sauran fim ɗin yana bin waɗanda suka kashe shi da mota, a yi ta karo, a yi ta kifewa, a ƙarshe motar babban mugu ta kama da wuta. Kuɗi babu, saboda haka jarumansa yankakkiyar taya suke ɗaurawa a kafaɗa, garkuwarsu murfin tukunya. Na taɓa gane murfin irin namu a hannun wani mugu, na yi dariya har na ƙware.

Ranar farko mota ya zo nema, a sayar masa ko a ba shi haya. Mama ta dube shi sama da ƙasa, ta dube ni, ta ce in shiga in dafa wa baƙo shayi. Kafin in fito da faranti har sun gama magana, yana sa takalmi. Ya ɗago ya kalle ni, kallo mai tsawo, irin wanda ake yi wa abin da aka ce ka duba da kyau. Bayan 'yan kwanaki ya dawo cikin farin kaftani mai karin guga, da turare kamar ya yi wanka da shi, wai wurina ya zo.

To 'yan uwa, ku faɗa min. Mutum ya zo neman mota an hana shi, sai kuma ya dawo neman 'yar gidan. Ku ba za ku sa ido ba?

Na sa ido kuwa. Idan na ajiye masa kujera tana kallon ƙofar falo, kafin in dawo da ruwa ya juya ta tana kallon Tsohuwa. Yana cikin gaya min idanuna sun hana shi barci, hannunsa yana kan ƙofar motar yana auna ta da taƙi. Saƙonninsa ma ga irinsu, na ranar da hadari ya haɗo:

“Likita, ya aiki? Kin ci abinci?”

Likita yake ce min saboda a shagon magani nake aiki. Na amsa masa da na ci. Ko minti ba a yi ba:

“Madalla. An rufe Tsohuwa da tamfol kuwa? Ruwa na zuwa.”

Na rubuta, “Ni ma a waje nake, ba ni da tamfol.”

Ya turo fuskar dariya har uku. Amma kun san me? Da na tashi daga aiki na same shi a bakin shago riƙe da lema, ya jiƙe sharkaf, lemar kuma a naɗe don kar iska ta karya ta kafin in fito. Abin da ke rikita ni ke nan. Da mugu ne zalla da tuni na sallame shi. Mutumin nan ya zauna ya saurari labarin Baba tun daga farko har ƙarshe bai taɓa wayarsa ba. Shi ne ya fara sa Mama dariya tun bayan rasuwa, da ya kwaikwayi yadda jaruminsa ya mutu sau uku saboda batirin kyamara na ta ɗaukewa. Ina sonsa. Na faɗa, ba zan janye ba. Shi ya sa zargin yake ci na.

Kawu kuwa ba ruwansa da wannan duka. Ya kira ni a waya ina tsakiyar ba wata mata maganin tari.

“Ke, na ji labari. Yaron nan ya fito, uwarki ta yaba. Me kike jira?”

“Kawu, ina dai dubawa ne.”

“Dubawa? Tun kina ashirin kike dubawa, ga talatin tana ƙwanƙwasa miki ƙofa. 'Ya'yana da kika goya duk suna ɗakunansu. Ƙarshen makon nan mutanensa za su zo wurina, in kina da magana ki faɗa wa uwarki kafin nan.”

Ya kashe. Matar da nake ba magani ta ce, “Allah ya sa alheri,” don Kawu ba ya magana a hankali.

A cikin makon ne na dawo daga aiki na tarar da Tsohuwa babu gilashi. Na gaban da ma ya daɗe da tsagewa, tun wani dutse da ya faɗo masa Baba yana raye. Amma har na ƙofofin biyu an zare. Motar ta koma kamar mutumin da aka cire wa tabarau.

“Mama, ina gilashin?”

Tana tankaɗe a bakin kicin, ba ta ɗago ba. “Yaron nan ne ya zo da mai gyara. Wai zai sako sabo.”

“Na gefen ma? Ai lafiyarsu ƙalau.”

“To ni na san aikin mota ne? Wuce ki cire kayan aiki.”

Na leƙa ciki. Hular Baba ba ta kan dashbod. Na ce a raina ƙila ta ɗauke ne saboda ƙura, na bar maganar. Amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Yau da safe ya turo saƙo wai yana so in zo in ga inda yake aiki, kafin mutanensa su je wurin Kawu, don in san wa zan aura. Na ce wannan magana ce. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, na yafa baƙin mayafi, na ɗauko takalmi mai tsini, na tuna inda za ni na mayar na sa filat. Hoda kaɗan, kwalli, sai turaren da ya taɓa cewa yana so. Mama ta bi ni da kallo har ƙofa tana murmushi, ta ce in gaishe shi.

Wani tsohon wurin fasa dutse ne a bayan gari, ramuka da tsibin tsakuwa, ko bishiya ɗaya babu. Gaskiya idan duniya ta tashi haka za ta zama. Motoci huɗu ko biyar ne a jere, kowace an yi mata walda da ƙarafuna masu tsini a gaba, wata an ɗaura mata ƙofar firji a gefe wai sulke. Wasu ƙarti sun shafa baƙin mai a fuska, da hular kwano da sarƙar keke a wuya, suna zaune a inuwar bas suna shan ruwan leda. Ɗaya ya ga na iso ya miƙe da sauri ya rusuna, “Sannu da zuwa, Anti,” da gatarin kwali a hannunsa.

Darakta ya taho da gudu, hula a juye, wuyansa duk ƙura. Ya kakkaɓe min kujerarsa da rigarsa, ya kafa min lema, ya ce kowa ya gaishe da Likita. Sannan ya koma aiki, ni kuma na ga wani mutum da ban sani ba. Ashe haka yake idan yana cikin abinsa. Yana ihu, yana tsalle, yana kwanciya a ƙasa don ya nuna wa mai kyamara inda zai tsaya.

“Kai, ɗan uwanka aka kashe! Ka daina tuƙi kamar za ka kai amarya! Taka ta!”

Motar jarumin ta taho a guje, ta zo daidai kyamara ta mutu. Mugayen da yake bi suka sauko daga tasu suka tura shi. Na yi dariya har hawaye, shi ma ya juyo yana dariya, idonmu ya haɗu. A wannan lokacin, wallahi, na ji kunyar zargin da nake yi masa. Na ce ke dai kin cika mugun tunani, mutum ya kawo ki cikin mutanensa yana nuna ki.

Da rana ta take na tashi in miƙe ƙafa. Can gefe, nesa da sauran, akwai wata ƙaramar mota ita kaɗai, wani dattijo mai walda yana tsugune a gabanta yana shan shayi. Na gaishe shi, ya matsa min benci, har ya zuba min a wani kofi. Na kalli motar. Babu gilashi ko ɗaya, gaba da gefe da baya.

Na tambaya kamar ba komai. “Baba, ita wannan me ya sami gilasanta?”

“Wannan ai ta wuta ce, 'yata. Anjima za a cinna mata.”

“Sai an cire gilashi ake ƙonawa?”

“Dole. Shi ake fara cirewa. In wuta ta kama, gilashi fashewa yake yi ya yi ta harbi, ya taɓa tsaga wa mai kyamararmu goshi. Kuma ai kaya ne, ana sa wa wata motar. Mu nan in kika ga an zare wa mota gilashi, to ki yi mata addu'a, tata ta ƙare.” Ya yi dariya ya kurɓi shayi.

Na riƙe kofin da hannu biyu.

“Ita ce ta ƙarshen fim ɗin?”

“Ina! Wannan ta yaran mugu ce. Ta babban tana tafe. Oga ya samo wata janwe, tsohuwar gaske, mai ƙugiya. Ya ce irinta ya daɗe yana mafarki. Har an zare mata gilashi a can inda take, jira muke a gama wata magana a kawo ta in kafa mata ƙahoni.” Ya nuna min wasu lanƙwasassun ƙarafuna biyu a jingine da dutse. “Ga su nan na gama. Ranar da za ta ci wuta ki zo ki gani, za a sha kallo.”

A gama wata magana. Ni ce wata maganar.

Ban san yadda na ajiye kofin ba. Na yi masa godiya, na koma na ɗauki jakata. Darakta ya hango ni ya taho yana tambaya ko rana ce ta dame ni, na ce kaina ke ciwo. Ya taɓa goshinsa kamar shi ke ciwon, ya ce bari ya tsayar da aiki ya kai ni. Na ce a'a. Na dube shi sosai ina neman ƙarya a fuskarsa, ban ga komai ba sai damuwa da ƙura. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

A hanya na shirya yadda zan faɗa wa Mama a hankali, don na san abin zai buge ta. Matar da ta kori 'yan gwangwan da tsintsiya, yau za ta ji wanda take kira ɗanta ya shirya cinna wa Tsohuwa wuta. Har tausayinta nake ji.

Na same ta a tsakar gida tana ninke wanki. Ko mayafi ban cire ba na durƙusa a gabanta na zayyana mata komai, mai walda, gilashi, ƙahoni. Ta gama ninke zanin da ke hannunta, ta ɗora a kan sauran, ta daddanna.

“Na sani,” in ji ta.

“Kin san me, Mama?”

“Na san ƙona ta zai yi. Ai shi ya sa na ɗauke hular babanki.”

Na zauna daɓas a ƙasa.

“Ranar da ya fara zuwa, da na tura ki dafa shayi,” ta ci gaba, muryarta ko rawa babu, “na ce masa Tsohuwa ba ta sayarwa ba ce, ba ta haya ba ce. Amma wanda ya zama ɗa a gidan nan, babu abin da zan hana shi. Na nuna masa ƙofar kicin da haɓa. Yaro ne mai hankali, ya gane.”

“Mama! Ke nan ni ce gyara? Ya sayi mota a ɗora masa ni a kai?”

“Kar ki ɗaga min murya.”

“Ke ce fa kike goge ta kullum! Ke ce kika ce ko bayan ranki kar a taɓa ta!”

Sai a lokacin ta kalle ni, idonta ya kaɗa. “Ina goge ta, ina kallonki kina dawowa daga shago ki shige ɗaki ki rufe ƙofa. Shekara nawa? Duk wanda ya zo sai kin samo masa aibu. Babanki ya tafi, wannan ƙarfe ne. Na auna ku biyun na zaɓa. Kina tsammani da sauƙi na zaɓa?”

“Amma ba don ni ya zo ba.”

“Shi babanki don ni ya zo? Motar Kawunki ya zo ja ta mutu a ƙofar gidanmu, na miƙa masa ruwa. Abin da ya kawo mutum daban, abin da ya zaunar da shi daban. Yaron nan ya tsaya miki a ruwa da lema. Mota ce ta sa shi?”

Haushinta nake ji, tausayinta nake ji, ga kunya kamar an tuɓe ni a kasuwa. Wata uku ina zargin bare, ashe a cikin gida aka ƙulla.

Na tashi na ɗaga ƙofar Tsohuwa na shiga, na zauna a lotsattsiyar kujerar Baba. Har yanzu akwai ɗan warin man inji da na sabulunsa. Ta inda gilashi yake a da iska ke shigowa tana kaɗa min mayafi. Ni ma ina da gado a motar nan, ba wanda zai fitar da ita ban yarda ba. Na ciro waya. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, sannan na tura:

“Na san abin da cire gilashi yake nufi a wurinku. Mama ta faɗa min sauran. Tsohuwa ba za ta fita daga gidan nan ba, da aure ko babu aure. Ni kaɗai ce, babu gyara. Ka yi shawara kafin mutanenka su je wurin Kawu.”

Nan take alamar ta koma shuɗiya. Ya karanta. Sama ta nuna yana rubutu. Ta tsaya. Ta sake nunawa. Na ƙura wa wayar ido ko ƙiftawa ba na yi.

Saƙo ya shigo:

“Ko ta yini ɗaya? Ba sai an ƙona ta duka ba.”

Na karanta shi sau biyu. Ina cikin na ukun ya ɓace a gaban idona, wurin ya koma ɗan rubutun nan mai launin toka: an goge wannan saƙon.

Sai wani ya shigo a ƙasansa:

“Likita, ke nake so. Gobe zan dawo da gilashin in sa da hannuna. A nemo wata motar.”

Ban ji zuwan Mama ba, sai ganinta na yi a tsaye a bakin ƙofar direba, ta dafa inda gilashin gefe yake a da.

“Me ya ce?”

Na miƙa mata wayar. Ta nesanta ta da fuskarta kamar yadda take yi in babu tabarau, tana karantawa leɓenta na motsi. Na ga lokacin da ta kai ƙarshe. Ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo mata, irin waɗanda ban gani ba tun ranar da aka fita da Baba, sai dai waɗannan da murmushi suka zo.

“Alhamdulillahi. Kin gani? Kin gani, 'yar nan? Ga ki, ga motar, duk Allah ya bar min.” Ta shafa ƙofar Tsohuwa, ta shafa kaina. Sannan ta sake duba wayar ta nuna da yatsa. “Wannan na saman fa, da ya goge? Me ya rubuta?”

Na kalli fuskarta. Na kalli wurin da hular Baba take zama.

“Kuskure ya yi, Mama.”

Ta gyaɗa kai, ta miƙo min wayar, ta juya da sauri tana neman tata a cikin wanki don ta kira Kawu. Ina jin ta tana cewa, “Yaya, a bar su su zo, ta amince.”

Ni kuwa ina nan zaune a bayan sitiyari, saƙo biyu a gabana, ɗaya a goge ɗaya a rubuce. Na ce wa Mama kuskure ya yi, kuma ban yi mata ƙarya ba. Abin da ban sani ba shi ne, a cikin biyun wanne ne kuskuren.